Irin Kindirmon Iya

Zuwa ga 'yata Uwani,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa ki karanta wannan takarda cikin ƙoshin lafiya da sanyin zuciya. Allah Ya kai ki inda za ki lafiya, Ya tsare gabanki da bayanki, Ya haɗa ki da mutanen kirki a garin nan da har yau bakina ya kasa faɗin sunansa daidai. Malam, mahaifinki, yana sa miki albarka. Ga shi can tsakar gida yana ta gyaran rediyon da ba abin da ya same ta, wai don kada a gane tafiyarki ta dame shi.

Za ki yi mamaki, muna gida ɗaya ina rubuto miki takarda. Na san halina, na kuma san naki. Idan na zaunar da ke, kafin in kai tsakiyar magana kin ce, “To Umma, na ji,” ni kuma raina ya ɓaci, shi ke nan an tashi ba a yi komai ba. Takarda kuwa ba a katse ta.

Wata magana kika yi shekaranjiya muna ninke kayanki, ita ta tsaya mini a rai. Na tambaye ki ko kin yi sallama da Rabi, ƙawarki ta jami'a, kika ce, “Umma, ni fa na koyi darasi. Tun da Rabi ta tashi gaban malamai ta yi bayanin aikin da muka yi tare kamar ita kaɗai ta yi, na rufe wannan ƙofar. Can ɗin ma da zan je, ba mai ganin aikina sai na gama, ba kuma ruwana da kowa.” Tsoro nake ji, Uwani. Ba sanyin ƙasarsu nake ji miki tsoro ba, ba kuma abincinsu ba. Tsorona ki je ki zauna cikin mutane ke kaɗai, ki ɗauka tsare kanki kike yi. Na san ƙarshen wannan hanyar, don na bi ta da ƙwaryata a kai.

Kin tashi kin gan ni ina kindirmo, amma ba ki san farkonsa ba. Iya, kakarki da kika ci sunanta, ita ce mai kindirmon da ake labari a Gude. Ba ta da wani asiri. Ta tafasa madara, ta bar ta ta huce har yatsa ya iya zama a ciki, ta zuba ɗan kindirmon jiya, ta rufe da faifai. Da safe a buɗe a tarar ya yi barci, ludayi ya tsaya a ciki bai faɗi ba. Wannan ɗan na jiya da ake zubawa shi muke ce wa iri. Nata irin, a wajen uwarta ta samo shi. Da za a kawo ni gidan Malam a Unguwar Tudu, ta ɗibar mini a wani ɗan ƙoƙo ta ce, “Ga sana'arki, kada ki bari ya kwana da yunwa.” Da aka kai ƙanwata Sa'a Kabo, ita ma ta ɗibar mata.

A unguwarmu kuwa al'ada ce, wadda kindirmonta ya ƙi barci sai ta ɗauki ƙoƙo ta shiga maƙwabta ta ce a sam mata iri. Ba a sayar da shi, ba a kuma hanawa. Yau ke kika bayar, gobe ke za ki nema. Ni kuwa da na zo, amarya mai ji da kanta, sai na ga wannan ai zubar da gado ne. In an zo nema in ce ya ƙare. In an kawo mini na wani gida don sada zumunci, in karɓa da fara'a, in bai wa yara su shanye. Irin Iya ba zai haɗu da na kowa ba. Innarki Sa'a kuwa ƙofarta a buɗe, ta bai wa wannan, ta karɓi na wancan, ta zuba duka a ƙwarya guda. Na sha yi mata faɗa. Ina ce mata, “Ke dai kin mayar da irin Iya fate-fate.” Sai ta yi dariya ta ce, “Yaya, ai kindirmo ne, ba sarauta ba.”

Wata damina, ina goyon yayanki, na buɗe faifai da safe na tarar da madara tsululu kamar yadda na rufe ta. Washegari ma haka. Abin da na fara yi shi ne neman mai laifi. Na tare Dije, Bafillatanar da ke kawo mini madara daga ruga, na ce ta tsuga mini ruwa. Baiwar Allah ta rantse har da hawaye. Da na rasa abin kamawa a wajenta, sai na ce kambun bakan maƙwabta ne, na ƙara jan labulena. Ki kiyaye wannan, Uwani. Idan abu ya lalace miki, ido kan fara sauka a kan wanda ya fi kusa, kuma sau da yawa ba shi ba ne. Ki yi bincike kafin ki buɗe baki, tun da ke binciken ma aka koya miki.

Ana nan, wata safiya na karkata ƙwarya zan zubar, sai na ga ɗan guda a can ƙasa, bai fi cikin cokali ba, ya kama. Na kwashe shi kamar mai ɗaukar jariri, na zuba a madara kaɗan. Ya kama. Na ƙara, ya kama. Kafin damina ta fita kindirmona ya dawo, har ya fi na da kauri. To a nan kaina ya ƙara girma. Na ce ai ga shi, irin Iya ya ga masifa ya tsallake, ba abin da zai ƙara taɓa shi har abada. Na faɗa a gidan suna, na faɗa a gidan biki. Na daina ko tunanin ajiye wani a wani wuri.

Shekaru suka tafi lafiya lau. Aka haife ki, kika yi wayo, kika shiga firamare. Iya ta rasu. Bayan rasuwarta sai irin nan ya zame mini wani abu dabam. Kullum na zuba shi a madara sai in ji kamar hannunta ne a kan nawa, don shi kaɗai ne abinta da ya rage mini yana raye.

Sai ga abin ya dawo. Na buɗe faifai, tsululu. Ban ko girgiza ba, na ce mun saba, ɗan gudan nan zai fito. Na karkata ƙwarya, babu. Na sake kwana, babu. Na canza ƙwarya, na canza madara, na canza ɗaki, na yi duk dabarar da ta fisshe ni wancan karon. Na ƙarshen da ya rage a ƙoƙo ya tsinke ya yi wari a hannuna. Kuma a duk faɗin Unguwar Tudu babu gida ɗaya da zan shiga in ce a dawo mini da irin Iya, don ban taɓa bai wa kowa ba. Na zauna bakin murhu na yi kukan da ban yi irinsa ba ko ranar da aka fita da ita. Malam ya rasa yadda zai yi da ni, sai cewa yake, “Haba, a kan nono?” Bai san uwata na sake binnewa ba.

Girman kai rawanin tsiya, in ji masu magana. Sai da na yi kwanaki ina juya abin, sannan na saka mayafi na hau mota zuwa Kabo da ƙoƙona fanko. Na shirya jin gori, don na ci bashinsa. Sa'a ta dubi ƙoƙon, ta dube ni, ta ce, “Yaya, sannu da hanya. Kawo.” Ta cika shi fal. Na tambaye ta ko nata bai taɓa mutuwa ba. Ta ce, “Yakan yi rauni, wani lokacin ya yi kwana biyu yana tsinkewa, amma bai taɓa tafiya gaba ɗaya ba.” Na dawo gida ina godiya da baki, a zuci kuwa ina cewa wannan ba na Iya ba ne, na kowa da kowa ne. Da wannan baƙin cikin na zauna shekaru masu yawa, har ranar da kika zo hutu daga jami'a kika same ni ina wanke ƙore.

Kin tuna? Kina zaune kan turmi kina shan fura, na ba ki wannan labarin don in kashe lokaci. Sai na ga kin ajiye ludayi. Kika ce, “Umma, kin san me ke sa madara ta yi barci?” Na ce iri mana. Kika ce irin nan cike yake da wasu halittu masu rai, bakteriya, waɗanda ido ba ya gani, su ke cin zaƙin madara su mayar da ita kindirmo. Wannan na taɓa ji a rediyo, bai ba ni mamaki sosai ba. Abin da ya sa na saki soso shi ne da kika ce su ma suna da cutarsu. Wai akwai bairas, wanda ya fi su ƙanƙanta nesa ba kusa ba, ba ruwansa da mutum, ba ruwansa da saniya, su kaɗai yake farauta. Ya sauka a kan ƙwaya ɗaya, ya ɗura mata abin da ke cikinsa, ya hayayyafa a cikinta har ta fashe, 'ya'yansa su bazu kan sauran. Kika nuna mini hotonsa a waya, wani abu mai kai da ƙafafu kamar gizo-gizo. Na ce, “Innalillahi! Duk a cikin ƙwaryata?” Kika ce, “Ba zan rantse shi ya kashe naki ba, tun da ban gwada ba. Maganin da ake yi wa shanu allura da shi ma yana hana nono barci. Amma yadda kika ba da labarin, ya yi kama da shi sosai.”

Sannan kika gaya mini abin da har gobe ban daina mamakinsa ba. Wai a cikin ƙwayoyin nan, wata takan tsira daga harin. Idan ta tsira, sai ta yanki ɗan guntu daga jikin maharin ta adana a cikin nata jikin, kamar yadda mace kan yanki ƙyallen atamfa ta tafi da shi kasuwa don ta gane irinta. Duk ranar da ya dawo, ta gwada da guntun nan, in ya yi daidai ta daddatsa shi kafin ya yi komai. Kuma ba ita kaɗai ba, duk 'ya'yanta da jikokinta da guntun ake haifarsu. Jikar da ba ta taɓa ganin maharin ba, ta san fuskarsa. Subhanallah! Abin da ba shi da ido, ba shi da kai, ba shi da uwar da za ta zaunar da shi ta yi masa nasiha, Allah Ya ba shi hanyar tuna maƙiyinsa, har ya bar wa na baya wasiyya. Ni da nake ganin na san kindirmo ciki da waje, ashe shekara da shekaru ina rufe faifai a kan yaƙi, ina buɗewa da safe in ga wanda ya yi nasara, in ɗauka gwanintata ce.

Na ce miki, “To ɗan gudan nan da na tsinta a ƙasan ƙwarya, su ne suka tsira?” Kika ce mai yiwuwa. Na ce, “To tun da sun san shi, me ya kashe su daga baya?” Kika ce ai shi ma maharin ba zaune yake ba. Yana hayayyafa ba adadi, kuma a cikin 'ya'yansa ana samun wanda ya fito da ɗan bambanci daidai wurin da aka yanki guntun. Wannan in ya zo, a gwada a ga bai yi daidai ba, a bar shi ya wuce. Idan kuwa duk ƙwayoyin ƙwaryar daga tsatso ɗaya suke, guntu iri ɗaya suke riƙe da shi, to wanda ya wuce ɗaya ya wuce duka. Amma idan taron dangi ne, wannan ta yanko daga kansa, waccan daga wutsiyarsa, wata ma wata dabarar ce da ita dabam, to ko ya ɓoye wa ɗaya, ta kusa da ita za ta gane shi. Ya canza nan a kama shi can, har ya rasa mafita ya ƙare.

Ban san lokacin da na ce, “Ƙwaryar Sa'a!” ba. Kika yi dariya har kika ƙware.

Na tambaye ki tsawon wane lokaci wannan kariyar take yi. Kika ce, “Umma, abin da ake ta bincike ke nan. Wani lokacin ba ta daɗewa, wani lokacin ta daɗe sosai. Ya danganta da saurin canzawar maharin, da yawan bambancin da ke tsakanin ƙwayoyin. Har tsofaffin guntayen ma sukan ɓace in sababbi sun yi yawa.” Yanzu ga shi wannan tambayar ce za ta raba ni da ke zuwa wata uwa duniya. Ina alfahari, ba zan ɓoye ba. Da Hajiya Binta ta maƙwabta ta tambaye ni me za ki karanta, na ce mata yaƙin cikin kindirmo, ta dube ni kamar na zautu.

Akwai tambayar da na bari a ƙarshe ran nan, don ina tsoron amsarta. Na ce, “Irin Iya fa? Yana cikin na Sa'a?” Kika ce ba za ki iya tabbatarwa ba, amma ba abin mamaki ba ne a ce jikokin jikokinsa suna nan a ciki, sun cakuɗa da na wasu gidaje, suna ɗauke da tarihin duk maharin da suka taɓa tsallakewa. Na shiga ɗaki don kada ki ga idona. Wanda na killace don ƙauna ya mutu a hannuna. In akwai abin da ya rage na Iya, a ƙwaryar da na yi shekaru ina zagi yake.

To Uwani, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma maganarki ta shekaranjiya muryata na ji a ciki. Ban ce Rabi ta kyauta ba. Ba ta kyauta ba, kuma ranar da kika kira ni kina kuka, da tana kusa da ta ji bakina. Ban kuma ce ki manta ba. Ki adana guntunki, haƙƙinki ne, ko ƙwayar da ba ta da hankali tana adanawa. In za ku yi aiki da wani, ku yi magana tun farko a san na kowa. Amma ke da bakinki kika koya mini cewa guntu fuskar jiya kawai yake ganewa. Wanda zai cuce ki gobe ba da fuskar Rabi zai zo ba. Zai zo ta inda ba ki taɓa tsammani ba, darasinki ɗaya tilo ya dube shi ya bar shi ya wuce. Wadda za ta gane shi ita ce wata a gefenki da ta taɓa haɗuwa da irinsa, ta ja ki gefe ta ce, “Yi hankali da wannan.” In kin kori kowa, wa zai gaya miki? Haka kuskuren da ke cikin aikinki. Idon da ya yi shi ba ya ganinsa, sai na wani.

Ki kuma ji tsoron ranar da kika tsallake wata wahala da ƙarfinki ke kaɗai. Ranar tana da daɗi, na ɗanɗana. Ita ce ta sa na ce ba abin da zai ƙara taɓa ni. Ki gode wa Allah, ki ɗauki dabarar da ta fisshe ki, amma kada ki ɗauka za ta fisshe ki kullum. In halittar da ba a gani ba ta daina koyon sabuwar fuska ba, ke mai digiri ba ki da hujja.

Maganar Rabi kuwa tsakaninku ce, ba zan tilasta miki ba. Na dai san lambarta tana wayarki, don na ga ba ki goge ba. Gobe in kun kama hanyar Kano, ki ce wa direba ya ratse Kabo ki yi wa Innarki Sa'a sallama. Za ta ba ki kindirmo, ki sha, kada ki ce kin ƙoshi. Na kakarki ne, iya abin da za mu iya sani.

Bari in gaya miki abin da ban gaya miki ba don kina ta hidimar takardun tafiya. Makon jiya kindirmona ya sake ƙin barci. Na buɗe faifai, tsululu. Wallahi ko gezau ban yi ba. Na tsaya ma ina kallon madarar ina mamakin ikon Allah, ina cewa yau kuma wane ne ya canza riga ya shigo. Na ɗauki ƙoƙo na shiga gidan Hajiya Binta, wadda ni na ba ta iri bara, ita kuma ta haɗa da na surukarta. Kafin mu gama gaisawa ta cika mini. Washegari ludayi ya tsaya.

In kin buɗe babbar jakarki, ƙarƙashin zannuwan gado, za ki ga ɗan ƙoƙon nan da Iya ta ba ni, na naɗe shi da ɗankwalina. Bakinsa ya ɗan tsage, ni na ɗinke. Ba komai a ciki, kuma ba mantuwa na yi ba. Na san ba za su bar ki ki shiga jirgi da nono ba, amma ko da za su bari, haka zan ba ki shi. In kin sauka kin huta, ki ɗauke shi a ranki ki ƙwanƙwasa ƙofar wani, ki ce ke baƙuwa ce, a sam miki. In an zo taki ƙofar, kada ki ce ya ƙare.

Allah Ya tsare mini ke a sama da ƙasa. Ya kare ki daga sharrin abin da ido ke gani da wanda ba ya gani. Ya buɗa miki ilimi mai amfani, Ya ƙara miki tsoronSa duk lokacin da kika leƙa cikin ƙananan halittunSa. Ki riƙe salla, ki riƙa kiran Malam ko ba ki da abin faɗa, don shi ba zai kira ba, zai dai zauna da waya a hannu. Na yafe miki duniya da lahira. Allah Ya yi miki albarka, Ya dawo mini da ke lafiya, ƙoƙonki a cike.

Wassalamu alaikum.

Ummanki,
daga Unguwar Tudu.